Rijiyar Alhaji Illa Tana Nan

Bana shekara goma ke nan cif da muka binne kawuna, Alhaji Illa Direba, a wata maƙabarta da ke bayan birnin Alƙahira. Mu shida muka kai shi, ɗalibai biyar da suka taimaka don Allah, sai ni da nake ɗan ƙanwarsa. Na san yadda ake rubuta waiwaye a shafin jarida. A ce mamaci mutumin kirki ne, a jero alheransa, a ce ya bar giɓi, a shafa fatiha. Mai neman irin wannan ya juya shafi tun yanzu. Ban zo yabon Kawu ba, kuma ban zo wanke kaina ba, don ni ma da hannuna dumu-dumu a cikin abin da zan faɗa.

Garinmu, in ma ya isa a kira shi gari, sunansa Zangon Ƙaya. Gidaje goma sha ɗaya ne da masallaci ɗaya, can arewa da Agadas, a bayan ramukan da kamfani yake haƙar yuraniyum. Iyayenmu Adarawa ne da fari ya koro daga kudu suka je neman aikin lebura. Waɗanda ba su samu ɗaki a barikin kamfani ba suka koma gefe suka kafa bukkoki, bukkokin suka zama ɗakuna, aka haife mu a ciki. Babu makaranta, babu asibiti, babu hanyar kirki, kuma lokacin da nake yaro babu ruwa. Mata ke kora jakai tun da sassafe zuwa wata rijiya mai nisa, sai bayan azahar su dawo da salka biyu. A wannan hanya mahaifiyata ta ƙare ƙarfinta. Da ta rasu, yayata Rabi ta gaji jakin da salkunan, ta gaje ni a kai, tana da shekara goma sha uku ina da biyar.

Kawu Illa kuwa direban tifa ne a kamfanin. Aikinsa kwasar abin da Turawa suka gama da shi ya kai juji: tsakuwa, tsoffin ƙarafa, kwano, tsummokin tacewa, bututu manya da ƙanana. Masu gadin ƙofa ba sa hana ma'aikaci ɗaukar abin da aka zubar, kuma ba a taɓa tara ma'aikata an ce musu kada su taɓa kaza ba. Turawan sun san abin da ya bi ta cikin bututun nan. 'Yan ƙasa masu farar riga da ke zaune tare da su a ofis su ma sun sani, ko kuma sun isa su sani. Suna kallo ta taga tifa tana wucewa da kaya ta nufi inda mutane ke kwana, ba wanda ya ɗaga hannu. Har gobe ban yafe musu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yafe ba.

To da kayan jujin nan aka gina Zangon Ƙaya. Tsakuwar ce a daɓen masallacinmu. Kwanon ne a kan ɗakunanmu. Maƙerin garin ya narka abin da ya narku ya yi wa mata tukwane da ludaya. Amma babban aikin Kawu rijiya ne. Sau uku maza suna haƙa, sau uku yashi yana rufta ta kafin a kai ruwa. Wata Juma'a sai ga shi da tifa ɗauke da manyan bututu guda shida, kowanne mutum zai iya shiga ciki ya tsuguna. Aka zura su ɗaya bisa ɗaya, yashi ya tsaya, ruwa ya taru. Ina tuna ranar, mata na guɗa, Yaya Rabi ta ɗebo guga na farko ta sheƙa mini a ka tana dariya. Kawu ya sa aka yi wa bakin rijiyar siminti, ya sa ni na rubuta sunansa da tsinke kafin ya bushe, don ni kaɗai na iya ajami da kyau.

Dole in faɗi wani abu a kansa don a gane abin da ya biyo baya. Kawu ya yi aure uku, Allah bai ba shi haihuwa ba. A garin da ake kiran namiji da sunan ɗansa, shi da sunan sana'arsa ake kiransa. Rijiyar nan ita ce ɗansa. Ya ji malamai suna cewa ladan rijiya yana bin mai ita har kabari muddin ana sha, ya riƙe wannan magana kamar yadda wani ke riƙe takardar gona. In baƙo ya sauka, kafin a ba shi tabarma sai Kawu ya ja shi bakin rijiya ya nuna masa sunan. Shi ne kuma ya sa ni makaranta a Agadas, shi ya tsaya har na samu gurbin karatu a Masar. Wannan gaskiya ne, ban ɓoye ba, kuma da wannan igiyar ya ɗaure ni.

A ƙarshen shekarun casa'in ina shekara ta huɗu a jami'a, ina karanta fiƙihu, muna zaune mu biyar a wani gida a unguwar Hayyus Sabi'i. Kamar yawancin ɗalibanmu, ina taɓa aikin tafinta. Mutanenmu na Najeriya da Nijar suna zuwa neman magani, ba sa jin Larabci, mu muke tarar su a filin jirgi, mu nema musu masauki, mu tsaya tsakaninsu da likita. Muna da wata ɗabi'a a aikin nan wadda ba wanda ya koya mana, gado muka yi daga gida. Ba ma fassara duka. Likita zai ce wannan mutum watanni suka rage masa, mu juya mu ce wa maras lafiya, ya ce da sauƙi, a ci gaba da shan magani. Muna kiran wannan tausayi. Na ga mutane sun koma gida ba su yi wasiyya ba saboda tausayinmu, kuma har yau abokan aikina suna yi suna ganin sun kyauta.

A wannan hali Kawu ya sayar da motarsa ta kansa ya zo neman magani. Da na gan shi a filin jirgi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Mutumin da ke ɗaga tayar tifa shi kaɗai, ga shi hula tana masa yawa. Muka yi kwanaki muna gwaje-gwaje, aka tura mu wurin wata daktora mai duba cutar daji, mace mai ƙaramin jiki da ba ta da lokacin zagaye-zagaye. Ta duba takardu ta ce mini ciwon ya ci jiki, sai dai a rage masa zafi. Na juya na ce wa Kawu ta ce da sauƙi. Ya dube ni ya yi murmushi, don ya raka marasa lafiya asibiti ya san yadda muke yi.

Sai ta tambayi aikinsa. Da na ce mahaƙar yuraniyum, ta ajiye biro. Ta tambayi shekara nawa, me yake ɗauka, yana rufe hanci ko a'a, ina yake kwana, wane ruwa yake sha. Da aka zo kan ruwa fuskar Kawu ta washe. Ya gyara zama ya ba da labarin rijiya daga farko har ƙarshe, ina fassarawa. Don ya tabbatar mata, ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan turmin ƙarfen da yake daka kanwa da taba a ciki, wanda bai taɓa rabuwa da shi ba. Ya ce in gaya mata wannan guntun ƙaramin bututu ne da ya ɗebo tare da na rijiyar, a wuri ɗaya, rana ɗaya, maƙeri ya toshe masa gindi.

Daktora ba ta taɓa turmin ba. Ta ce ya ajiye a kan tebur, ta ɗaga waya, wani mutum ya sauko daga sashen da ake gasa ciwon daji riƙe da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo. Ya kai ta jikin bango, tana ɗan ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya kai ta bakin turmin, sai ta ɓarke kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Mutumin ya ja da baya, ya sa aka kawo wani akwati aka sa turmin a ciki aka fita da shi, Kawu yana ta cewa a gaya musu kanwarsa tana ciki.

Abin da ta ce bayan nan ban rage ko harafi ba, don tsoro ya hana ni tausayi. Ta ce akwai wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, yana fita daga abin da ya manne a cikin ƙarfen. Ta ce ba za ta iya rantsewa shi ya kawo ciwon Kawu ba, wannan sai Allah. Amma ta ce kada ɗan Adam ya ƙara shan ruwan da ya kwanta a cikin irin wannan bututu sai an auna shi, musamman yara da mata masu ciki. Ta nuna ni da yatsa ta ce, yau ɗin nan ka rubuta wa mutanenka, ba gobe ba.

Muka hau mota muka koma gida. Sai bayan la'asar, abokan zamana sun fita, ya kira ni baranda inda yake shan iska.

"Issufu, zauna. Matar nan ta ce tabbas ne?"

Na ce, "Ba ta ce tabbas ba, Kawu. Amma ka ji ƙarar abin nan da kunnenka."

"Na ji ƙara. Rediyo ma tana ƙara. Shekara nawa ana sha, wa ka ga ya faɗi a bakin rijiya? Ƙishirwa na sani tana kisa, ita ta kashe uwarka."

Na ce ai ba rufewa za a yi ba, aunawa za a yi. Ya ce wa zai zo Zangon Ƙaya ya auna, gwamna? Sannan ya faɗi abin da ke ransa tun farko.

"Ɗan nan, ni tafiya zan yi, kada ka ce mini da sauƙi. Ban da ɗa, ban da jika. In aka rufe rijiyar nan me zai biyo ni? A ce Illa ya shayar da mutane guba, shi ke nan sunan da zan bari? Ka ce wallahi ba za ka faɗa ba."

Na ce, "Kawu, Yaya Rabi fa, da yaranta."

"Ni na haƙa mata don ta huta da jaki. Ka fi ni sonta ne? Wa ya kawo ka nan? Ka ce wallahi."

Na ce wallahi.

Zan ba shi abu ɗaya, ba zan ƙara ba. Lokacin da ya ɗebo bututun bai sani ba, kuma tafiyar jakin nan azaba ce ta gaske. Amma ranar da ya zauna a barandar nan ya sani. Ya ɗora sunansa a hannu ɗaya, ya ɗora cikin mutanen gidaje goma sha ɗaya a ɗaya hannun, ya zaɓi sunansa. Mutumin da ke neman lada a wurin Allah ya zaɓi ya ci gaba da karɓar ladan ko da abin da ake sha zai cutar. Na daɗe ina juya wannan a raina ina neman masa uzuri, ban samu ba.

Mako bakwai ya yi ya cika. Ranar da na je karɓar takardun asibiti na yi karo da daktora a matakala, ta tambaye ni ko na aika wasiƙar. Na ce mata da Larabci, tamam ya daktora, wato ƙwarai, na aika. Ta ce alhamdu lillah ta wuce, ni kuma na sauka na tari motar Hayyus Sabi'i.

Mutanenmu ba sa rubuta wasiƙa, kaset suke yi. Sau biyu ko uku a shekara Yaya Rabi za ta ari rikoda, ta ɗauki muryarta, a ba wani mai zuwa Agadas, daga nan ya bi hannu-hannu har ya iso ni. A bakin rijiya take ɗauka, don nan mata ke taruwa kowa ta samu ta saka gaisuwarta. Saboda haka duk kaset ɗin da ya zo, a bayan muryarta ina jin guga yana bugun ƙarfe yana sauka, ina jin ruwa yana zuba a tulu, ina jin tana ce wa 'yarta Zulai ta sha ta ba ƙaninta. In zauna a Alƙahira in saurari wannan daga farko har ƙarshe, in juya kaset in ɗauki amsa. In ba su labarin sanyin Masar, da wake da burodin da muke ci kullum, da yadda aka yi wa Kawu salla mai kyau. Na san kaset ɗina a ƙofar masallaci ake kunna shi gari duka su ji, don haka duk abin da na faɗa wa Yaya na faɗa wa kowa. Na mai da wannan ma wani dalili na yin shiru.

Ga abin da ya fi ci mini rai. A shekarar da Kawu ya rasu muka yi jarrabawa a babin rantsuwa. Na rubuta shafi huɗu da hannuna cewa wanda ya rantse a kan abin da zai cutar da mutane, wajibi ne ya karya rantsuwar ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Na kawo hujjoji, na kawo saɓanin malamai, na ci mumtaz, wato maki mafi girma. Yaron da ya yi shekara biyu a makarantar ilmi ya san wannan hukunci. Ba jahilci ne ya rufe mini baki ba, kuma ba tsoron Allah ba ne, ko da yake da shi na riƙa fakewa. Tsoron kalma ɗaya nake yi, kada a ce mini butulu. Kada a ce mutumin da ya ɗauke shi daga bayan jaki ya kai shi Masar, ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba ya tona masa asiri. Kullum sai in ce wa kaina daktora ba ta ce tabbas ba, wato maganar Kawu nake maimaitawa da bakina.

Haka na gama digiri, na shiga na biyu, na yi aure, na koma unguwar Ardul Liwa inda haya ta fi sauƙi. Sai wani kaset ya zo. Yaya ta gama gaishe-gaishe da labarin awaki, can wajen ƙarshe ta ce, kamar abin da ba shi da muhimmanci, kwana biyu jikin ba ya mata daɗi, dasashinta na jini, ko tulu ɗaya ta ɗauka sai ta zauna ta huta. Ta ce tunda ina cikin likitoci in tambayo mata ko akwai ƙwaya. Na yi shekaru ina tsaye a ɗakunan likitoci, na san abin da ake tambaya bayan an ji irin wannan.

Washegari da azahar na fita kan titinmu. Akwai 'yan gudun hijira da ke zama a gindin wani gini suna jiran aikin dako, Sudanawa da mutanen Habasha. Na ƙirga goma na ce su biyo ni shagon koshari, wato shinkafa da taliya da wake da talakan Masar ke ci. Suka ci suka ƙoshi, na gaya wa mai shagon ya sake ba su da yamma kamar yadda littafi ya ce. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini. Na ce a'a. Mai shagon ya goge tebur ya ce khalas, wato shi ke nan? Na ce khalas. Duka abin bai kai awa ɗaya ba, na duba agogo. Nauyin rantsuwar da na yi shekaru ina ɗauke da ita ke nan, kwano goma na rana da goma na yamma.

Na koma gida na ɗauki kaset. Na faɗi komai, turmin, na'urar, maganar daktora. Abu ɗaya na ɓoye, ban faɗi yaushe aka yi ba, na bar shi kamar jiya na ji. Na roƙe su su koma wa jakai kafin a samu mai aunawa, ko da yara da masu ciki ne kawai.

Amsa ta zo bayan wata uku, kuma wannan karon babu ƙarar guga, a ɗaki Yaya ta ɗauka. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce an kunna kaset ɗina a ƙofar masallaci, ana kaiwa tsakiya mai gari ya miƙa hannu ya kashe. Ya ce Masar ta cinye yaron nan. Liman ya ce ruwan da aka yi sadaka da shi ba ya cuta. Wani ya ce ina Issufu yake lokacin da suke bin jaki, yanzu yana shan ruwan famfo zai koya musu ƙishirwa. Kalmar da na yi shekaru ina gudu kuwa an faɗe ta, har sau nawa, kuma da na ji ta ban mutu ba. Yaya ta ce ita dai ta karɓi kaset ɗin ta kai ɗaki ta ji sauran ita kaɗai, sau biyu. Sannan ta ce:

"Issufu, ka ce turmin Kawu aka auna a gabansa. Kawu kuwa ya daɗe a ƙasa. To kai tun yaushe ka sani?"

Nan kaset ɗin ya tsaya. Na ɗauki amsa sau biyar ina gogewa. Na aika ƙwayoyi, na aika saƙon a kawo ta Agadas, na fara neman yadda za ta zo nan. Ba ta kai ba, ta rasu kafin shekara ta zagayo. Ba ni da takardar likita da ta ce rijiya ce ta kashe ta, kuma ba zan ƙirƙira ba. Wataƙila daɓen masallaci ne, wataƙila tukunya ce, wataƙila iskar da ke tasowa daga juji ce, wataƙila kwananta ne kawai ya ƙare. Abin da na sani shi ne an ba ni saƙo in kai mata, na riƙe.

Wani lokaci ina tambayar kaina me Kawu zai ce in ya ɗago ya ga yau. Yanzu maganar ta fito fili. Ana jin ta a rediyo, baƙi masu irin na'urar nan sun zagaya kasuwar babban garin da ke kusa da mu suna kai ta jikin tukwane da ƙarafa, kamfani kuma yana fitowa da fararen takardu yana cewa komai lafiya. Ina jin da farko zai tsorata. Amma da ya ga ba wanda ya karkato ya bi hanyar Zangon Ƙaya, hankalinsa zai kwanta. Wa zai ƙona mai saboda gidaje bakwai, don yanzu bakwai suka rage. Na rubuta wa ofisoshi uku, ɗaya ya amsa da godiya, biyu ko godiyar babu. Kuma zai ji daɗi ƙwarai ya ga an sake yi wa bakin rijiyar siminti, an bi sunansa da koren fenti a kan rubutun da na yi da tsinke. Abin da ya roƙa ya samu, ba a rage masa komai ba.

Wayar hannu ta isa can shekara biyu da suka wuce, in an hau tudu. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, suna yin sadaka, a dafa da ruwan rijiyar, mai gari ya hau tudu ya kira ni. Ya manta da butulu, ko ya yi kamar ya manta, don ni kaɗai ne kusa da kabarin. Sai ya ce, Malam Issufu, a je a yi wa Alhaji addu'a a madadinmu. Ina zuwa, ba don mai gari ba. Ina tsayawa in roƙa masa gafara, don na san yana bukatarta fiye da yadda mutanen garinmu ke zato, ni ma haka. Amma ban taɓa iya cewa Allah ya kai masa ladan rijiya ba, bakina ba ya buɗuwa a kan wannan.

Bana bayan mai gari ya gama na ce a ba ni Zulai. Ta yi aure, tana goyon ɗa namiji. Na sake gaya mata abin da na gaya wa uwarta, ban rage ba, ban ce da sauƙi ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Na ji, Kawu. To ina za mu sha? Jakin ma babu." Ni ne Kawu yanzu, kuma ban da amsar da zan ba ta. Shi ya sa na kawo maganar a jarida. Duk wanda ya karanta wannan yana da na'ura, ko ya san mai ita, ko yana da ofishin da ake jin maganarsa, garin sunansa Zangon Ƙaya, rijiyar tana gabas da masallaci, ba za ta ɓace maka ba, akwai suna a bakinta da koren fenti. Wanda kuma zai ce na ci mutuncin mamaci, ya faɗa, an riga shi.

In aka tambaye ni me ya rage na Alhaji Illa bayan shekara goma, ba shi da wuyar lissafi. Motarsa an sayar, matansa sun yi wasu auren, kabarinsa a cikin baƙi yake, in na mutu ba mai gane shi. Karatun da ya sa ni ya rage, kuma kun ga amfanin da na yi da shi. Sai rijiya. Ya so abin da zai ci gaba da gudana bayansa, kuma yana gudana, safe da yamma, a cikin tulun Zulai da cikin ɗan da take goyo.

Saura bashin amsa ɗaya da ban bayar ba, kuma mai tambayar ba ta karanta jarida ko da tana raye. Kaset ɗin yana nan a akwatina, rikodar ta lalace tuntuni, ban kuma bukace ta ba don na haddace shi. Yaya, kin tambaye ni tun yaushe na sani. Tun ranar da aka auna turmin, ina tsaye a wurin, ni na fassara. Shekara huɗu da wata biyu, ina jin guganki yana sauka.